Kafin Dogo Ya Iso Maraɗi, A Nuna Mana Inda Za Mu Tsallaka

Ƴan uwa maza da mata na jahar Maraɗi, mutanen Madarumfa da Ɗan Isa da duk garuruwan bakin iyaka,

Kun ji labari. Ranar 9 ga Fabrairu 2021 shugaban Najeriya na lokacin Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Tsawonsa kilomita 284, zai biyo ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya shigo ƙasarmu. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ya samu kwangilar, kuɗin aikin kusan dala miliyar 2, kuma Najeriya ce ta ɗauki nauyi. Muna maraba da jirgi. Wanda ya sha wahalar rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, wakensa da ayarsa suka yi kwantai a cikin sito, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan amfanin hanya.

Amma akwai tambayar da ba za ku ji masu mulki sun ɗauko ta a dandalin kamfe ba, don ba ta jawo tafi. In dogo ya zo, ta ina za ka tsallaka shi? Kai mai amalanke da ke fita gona da asuba, ta ina? Kai ɗan kabu-kabu, kai direban kamiyo, ke mai tallan nono da ƙwarya a ka, ta ina?

Jirgi zai wuce sau kaɗan a yini. Kai kuwa za ka tsallaka ƙarfen nan safe da yamma har ƙarshen rayuwarka, ƴaƴanka su gaje ka. Mutane da yawa a cikinmu ba za su taɓa sayen tikitin jirgi ba, amma babu wanda zai kuɓuta daga wurin tsallakawa.

Muna da dalilin tsayawa a kan wannan magana, dalilin kuma yana Yamai. A watan Afrilu 2014 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Yamai zuwa Doso, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa kusan kilomita 140. Ranar 29 ga Janairu 2016, saura makonni kaɗan a yi zaɓe, aka yi bikin buɗewa da kiɗa da hotuna. An ce zai zarce Gaya, ya haɗu da tsohon layin Faraku zuwa Kotonu. Shari'a ta tashi a kotunan Benin a kan wa ke da haƙƙin aikin, komai ya tsaya cik. Har zuwa 2021, shekara biyar bayan bikin, babu jirgin fasinja, babu na kaya. A lokacin ƙarfen dai yana kwance cikin birni, a gefen hanyar filin jirgin sama, mutanen unguwannin wurin suna ƙetare shi kullum. Sun samu wahalar dogo, ba su samu jirgin ba. In kana da ɗan uwa a Yamai, buga masa waya ka tambaye shi yadda masu mota da masu babur suka ƙare da shi. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

To, mene ne ake gyarawa a wurin da dogo ya haɗu da titi? Abin ba asiri ba ne, kuma ba sai ka je makarantar injiniyoyi za ka gane shi ba.

Dogo na daji ana ɗora shi ne a kan tudun tsakuwa, ƙarfen ya fito sama da ƙasa sosai. A daji wannan daidai ne. A cikin gari kuwa, ko a inda hanya ta ratsa shi, dole saman ƙarfen ya yi daidai da saman gudiro, taya ta hau ta sauka ba tare da ta ji komai ba. In ƙarfen ya ɗara titi ko da faɗin yatsa biyu, kowace mota sai ta taka birki, ta yi tsalle, na baya su taru. Taya tana ci, ƙarafan ƙasan mota suna ci, salansa tana ci. Kuɗin gyaran nan daga aljihunka suke fita, ba wanda zai biya ka.

Sai maganar tsagi. Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, shi ne yake riƙe ta kada ta zame daga kan ƙarfe. Don haka dole a bar wa leɓen nan tsagi a gefen ƙarfe ko da a tsakiyar titi ne. Duk rigimar tana cikin tsagin nan. In ya yi faɗi, tayar babur da ta keke ta faɗa ciki ta maƙale, kofaton jaki da na akuya ma haka. In ba a yi masa baki mai ƙarfi ba, gudiron gefensa ya farfashe, cikin damina ɗaya tsagi ya zama rami. Tun 1852 wani Bafaranshe mai suna Alfons Luba ya fito da ƙarfen dogo mai tsaginsa a jikinsa, wanda ake binnewa cikin titi har saman ya yi daidai da hanya. Irinsa ake sa wa jiragen cikin gari har yau. A Kazablanka ta ƙasar Maroko, inda jirgin cikin gari ya fara aiki a watan Disamba 2012, motoci suna ratsa ƙarfen kamar suna tafiya a kan tabarma. Dabarar ta haura shekara 160. Wanda ya kawo maka dogo cikin gari ya bar ƙarfe tsirara a kan tsakuwa, ba rashin sani ne ya sa shi ba, sauƙi ya nema, da sauri kafin ranar biki.

Inda layin manyan jirage ya ratsa hanya, ana shimfiɗa faifan kankare ko na roba mai kauri a tsakanin ƙarafan biyu da kuma gefensu. Amfaninsu shi ne ana iya ɗaga su a gyara ƙarƙashi a mayar. Mai arha kuwa shi ne a zuba gudiro kawai a daddale. Ranar buɗewa ba za ka bambanta su ba, duka suna sheƙi. Sai jirgi ya yi ta bi, ƙarfe yana motsi sama da ƙasa, gudiron da ke manne da shi ya tsattsage, ruwa ya shiga, manyan motoci su ƙarasa shi.

Ƴan kabu-kabu da masu adaidaita, wannan taku ce. Hanya ta ratsa dogo a miƙe, kamar yadda ake yanka rake. In ta ratsa shi a karkace, tayar gaba takan bi tsagi maimakon ta tsallake shi, sai ka ji ka a ƙasa kai da fasinjarka da jaririn da ke bayanta. Ƙarfe in ya jiƙe ya fi saɓulu santsi. Gyaran abu ne mai sauƙi: a ɗan lanƙwasa hanyar kafin ta iso dogo don ta haɗu da shi gaba da gaba. A kan takarda wannan aikin fensir ne na yini ɗaya. Bayan an gama gini kuwa, sai an rushe gidaje.

Direbobin kamiyo da tirela masu bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya sun fi kowa sanin haɗarin tudu. In aka bar dogo a kan tudunsa aka ɗan tara ƙasa gaba da baya don mota ta hau, doguwar mota mai lodi tana iya ɗora cikinta a kan ƙarfe, ƙafafun gaba a wancan gefe, na baya a wannan gefe, ba gaba ba baya. Jirgin kaya mai nauyi in yana gudu, ko direbansa ya hango ka ya taka birki, yakan ci fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin da zai kauce maka. Shi ya sa a Amurka aka rubuta ƙa'ida: a nisan mita 9 daga ƙarfe, kada titi ya fi saman ƙarfen tudu ko kwari da abin da ya wuce santimita 7 da rabi. Ƙa'ida ce da kowa zai iya aunawa da igiya da tef. Mu wace ƙa'ida aka rubuta mana? Wa ya gan ta?

Akwai kuma abin da injiniyan da ya zo daga Turai ba zai sani ba sai an gaya masa, wato rairayi da ruwan ƙasarmu. Iskar hunturu tana cika tsagi da yashi. Damina kuma, kun san yadda koramu suke saukowa zuwa Gulbin Maraɗi, ba sa neman izinin kowa. Tudun dogo in ya tare hanyar ruwa ba a yi masa isassun kwalbatoci ba, ya zama madatsa, ruwan ya koma cikin gidaje da gonaki. Tsofaffin gari sun san inda ruwa yake bi tun kafin a haifi mai riƙe da taswirar. A zauna da su.

Wani zai ce layin Kano zuwa Maraɗi na zamani ne, faɗinsa milimita 1,435, ya fi na Doso mai mita ɗaya, jirginsa mai gudu ne, don haka gadoji za a yi, ba za a bar mota ta taka ƙarfe ba. To madalla, amma tambayar ba ta mutu ba, ta sake kama ce. Layi mai gudu shinge ake yi masa hagu da dama. Gada nawa za a yi a ɓangarenmu, kuma a ina? In tsakanin wannan gada da waccan akwai tafiyar awa guda a ƙafa, manomin da gidansa ke gabas gonarsa ke yamma ya zai yi? Mutane za su fasa shingen ne, yara su riƙa ɓullawa, ranar da tsautsayi ya faɗa a ce laifinsu ne. Gadar da aka yi wa gangare mai tsauri, bijimai ba za su ja amalanken gero su hau ta ba. Hanyar da aka bi da ita ta ƙarƙashin dogo ba tare da magudanar ruwa ba, tafki ce a watan Agusta. Burtali fa? Makiyayi da garken shanu ɗari ba zai hau matakala ba, in kuwa aka toshe masa burtali, cikin gonar wani zai bi, kuma kun san abin da ke biyo bayan wannan. A Adis Ababa, inda jirgin cikin gari ya fara aiki a 2015, shingen da aka yi wa layin ya raba tituna biyu, mai shago yana kallon mai saye a ƙetare amma sai an yi dogon zagaye. Can babban birni ne mai motoci. Mu nan da ƙafa da jaki muke yawancin tafiyarmu.

Inda kuma aka bar hanya ta ratsa ƙarfe, a sa sandar shinge da fitila da ƙararrawa. Kun san halin wutar lantarkinmu, don haka a haɗa su da hasken rana, a kuma ajiye mai gadi ɗan garin, mai albashi. A share wurin yadda direba zai hango jirgi daga nesa, kada a bari rumfuna su rufe shi.

Za a ce mana kuɗin na Najeriya ne, wanda aka yi wa kyauta ba ya zaɓe. Wannan magana ba ta da tushe. Ƙasar da za a shimfiɗa ƙarfen a kanta tamu ce, gonakin da za a ratsa namu ne, kuma babu sanda ɗaya da za a kafa a cikin Nijar sai da sa hannun gwamnatin Nijar. Mutanen Daura da Katsina suna da masu yi musu magana a Abuja. Mu wa zai yi mana? Waɗanda suka kasa tsaya wa mutanen Yamai, a birnin da su kansu suke kwana, su ne za su tsaya wa mai amalanke na ƙauyen bakin iyaka?

Tun ran gini ran zane. Lokacin da aiki yake kan takarda ne ƙara gada ɗaya ko matsar da wurin tsallakawa ba ya cin komai. Abin da muke nema shi ne a kawo taswirar layin a manna ta a ofishin kowane magajin gari da layin zai ratsa, a yi bayaninta da Hausa da Fulatanci a gidajen rediyo, a kira sarakuna da masu gari da wakilan makiyaya da ƙungiyoyin direbobi su nuna inda mutane suke bi da gaske. Abin da aka amince da shi a rubuta shi cikin yarjejeniya: wuraren tsallakawa nawa, da wane irin kaya za a gina su, kuma wa zai riƙa gyara su bayan kamfani ya naɗe kayansa ya koma gida. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa. Hukumar dogo ta ce titi ba nata ba ne, hukumar hanyoyi ta ce ƙarfe ba nata ba ne, ramin kuma yana tsakiya yana cin tayoyi.

Masu neman ƙuri'arku za su zo da atamfa da shinkafa da hoton jirgi mai sheƙi. In sun gama jawabi, wani dattijo a cikinku ya miƙe ya ce: ranka ya daɗe, mun ji jirgi zai zo, nuna mana a kan takarda inda amalankenmu zai tsallaka. Ku saurari amsar da kyau, ku tafi da ita rumfar zaɓe.