Henry Venn da 'Yancin Aro

Henry Venn, limamin Angilika da ya zama sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a Landan a 1841, ya riƙe aƙida guda: ikkilisiyar Afirka ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa bishara da bakin 'ya'yanta. Shi ya tsaya tsayin daka har aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864.

Venn ya rasu a 1873. Kafin rasuwar Crowther a 1891, matasan Turawan mishan sun ƙwace ragamar aikin kogin Kwara daga hannunsa, daga baya Bature ya gaje shi. Raunin aikin Venn ke nan: 'yancin da ya rataya a kan adalcin mutum ɗaya aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.