Martani ga Mai Cewa Ɗaga Ƙarfe Zubar da Girma Ne ga Dattijo

Na karanta maƙalar da wani malami ya rubuta, inda ya yi da'awar cewa dattawan Agege da Ojota da ke haɗuwa su huɗu ko biyar suna ɗaga ƙarfe sun zubar da girmansu, kuma wai mai ciwon gwiwa ko baya ba shi da magani illa kwanciya. Wannan magana, Allah gafarta Malam, ba ta da hujja a shari'a, balle a ilmin likita.

Mutumin da ya shekara da shekaru yana dakon buhunan albasa a kasuwar Mile 12 har ƙugunsa ya sage, idan ya lizimci tabarma, tsokarsa za ta zube, ruku'u da sujada su gagare shi, alhali kuwa jiki amana ce da za a tambaye shi a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci tsofaffi su riƙa ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ƙarancin adadin dattawan da ke haɗuwa kuwa shi ne hikimar, domin mai koyarwa ya lura da kowa, ya sassauta wa mai rauni nauyi gwargwadon ikonsa.

Ina roƙon Malam ya janye wannan fatawa tun ba ta kwantar da dattawanmu ba.