A bar mai jita ya jera fedodinsa da kansa

Na daɗe ina gyaran lasifika da amfilifaya a Agadas, amma a 'yan shekarun nan abin da samari masu kaɗa jita a gidajen biki suka fi kawo mini shi ne feda, ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa ya sauya muryar jita. Wata tana sa jitar gurnani, wata ta maimaita sauti kamar amsa-kuwwa a cikin dutse, wata ta sa ta kuka kamar mutum.

Kwanan baya wani yaro ya shigo da babban akwati guda mai sautuka iri-iri a ciki, ya ce, "Baba, ka taimaka, ranar Asabar muna da biki." Na buɗe na duba. Wutar janareta ce ta haura ta ƙona ƙwaƙwalwar ciki, kuma ƙwaƙwalwar guda ɗaya ce tal. Duk sautukan sun tafi tare. Raina ya ɓaci ƙwarai da na miƙa masa kayansa hannu rabbana, domin na san watannin da ya yi yana tara kuɗin.

Da fedodi huɗu ne daban-daban, da ɗaya kawai za a cire a ci gaba da biki. Shi ya sa nake goyon bayan tsarin da kowane sauti ke da gidansa. Tun 1977 da kamfanin Boss ya fito da ƙananan fedodinsa, sannu a hankali aka saba da wuta bolt 9 da bakin waya iri ɗaya, mai milimita 6.35. Saboda haka Tube Screamer ta Ibanez tana zama kusa da DS-1 ta Boss ba gardama. Mai jita kuma shi ke yanke shawarar jeri, kuma jerin nan ba wasa ba ne: in ka sa mai gurnani kafin mai amsa-kuwwa, kowace maimaitawa za ta fito tsaf, in ka juya su, sai sautin ya cakuɗe kamar kunu. Akwai masu son cakuɗar ma, kuma haƙƙinsu ne.

Sai dai masu ƙerawa su lura da wani tarko. A farkon shekarun 1980 Korg ta yi allo mai gurbi huɗu, PME-40X, wanda ake cusa sautuka a cire, amma nata kaɗai ke shiga. Bai daɗe a kasuwa ba. Doepfer na Jamus kuwa da ya fito da ma'aunin kayan sauti mai suna Eurorack a tsakiyar shekarun 1990, wasu kamfanoni suka bi shi, har yau ana ƙera kaya a kansa.

Na san akwatin haɗaka ya fi araha kuma ya fi sauƙin ɗauka a bayan babur. Amma garin da ya san mai jita Bombino, ƙasar da Mdou Moctar ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, mutanenta sun iya haɗa abu da hannunsu. Abin da nake roƙon masu ƙerawa kaɗan ne: akwati mai buɗuwa da sukurudireba, maɓallin ƙafa da ake iya sauyawa in rairayi ya shige shi, kariya daga wutar da ke hawa da sauka, da zanen hanyoyin wuta a jikin murfi don mai dalma irina ya san inda zai sa hannu.