Iya Ruwa Fidda Kai: Tseren Kwale-kwale Na Jiran Alƙalaminmu



Mu mutanen Marnona da kewaye Allah Ya ajiye mu tsakanin gulabe biyu. Gulbin Rima ya ratsa Goronyo da Wurno, Gulbin Sakkwato ya bi ta Rabah, suka haɗu kusa da birnin Sakkwato suka gangara Argungu. Ga kuma madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984. Amma a duba labaran da ake turowa wannan zaure: mota, jirgin sama, katafaren gida a Abuja. Da wuya ka ci karo da kwale-kwale ko ɗaya. Ra'ayinmu shi ne, tseren kwale-kwale na yamma ya cancanci a tsara shi a garuruwanmu na bakin gulbi, kuma marubuta ne ya kamata su fara tura jirgin.

Ba baƙon abu muke kirawo ba. Duk inda kwale-kwale biyu suka taso daga gaɓa lokaci guda da samari a ciki, tsere ya riga ya fara, ko ba alƙali. A Argungu an mayar da wannan ɗabi'a biki: cikin wasannin Kabanci akwai tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa. Bikin ya samo asali a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. Yawuri na da Rigata. A tsibirin Lamu na Kenya da jiragen da iska ke turawa ake tsere, a Ingila kuwa jami'o'in Oxford da Cambridge suna karawa a kogin Thames tun 1829. Kowa da irin jirginsa. Namu na filafili ne da gora.

Wanda ke kallo daga tudu zai ɗauka ƙarfin damtse ne kawai. Ko kusa. Na gaba shi ke ba da bugun da sauran za su bi, na baya shi ke riƙe da akalar jirgi. Mutum ɗaya ya saɓa bugu, jirgi ya karkace. A kwanar gulbi, ruwa ya fi gudu da zurfi ta ɓangaren waje, ta ciki kuwa yashi ke taruwa. Mai gangarawa yana neman inda ruwa ke gudu, mai haurawa yana raɓar gaɓa inda ya yi sanyi, amma in ya matsa da yawa jirgi ya dafe a yashi. Ga mai kwarfar ruwa da 'yar ƙwarya, wanda ba a yi masa kirari, alhali in ya yi sake an tafi ƙasa gaba ɗaya. Duk wannan ilimi ne, kuma a kan Sarkawa da masu fito yake, ba a littafi ba.

Mun san abin da wasu za su ce: a yankin da ake fama da 'yan bindiga, ga makokin waɗanda ruwa ya ci, wa ke ta wasa? Maganar tana da nauyi. A watan Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a hatsarin jirgi a ƙaramar hukumar Shagari, yawancinsu yara da matasa. Ranar Lahadi 17 ga Agustan 2025 wani jirgin ya kife da mutane a hanyarsu ta zuwa kasuwar Goronyo. Allah Ya jiƙansu. Sai dai wannan ne ma hujjarmu. Nisantar gulbi ba ya ceton wanda dole gobe ya ƙetare shi zuwa gona ko kasuwa. Abin da ke ceto shi ne iya iyo, sanin iyakar lodi, da sabo da rigar kariya. Tsere mai doka makaranta ce ta waɗannan ukun. Saurayin da ya saba ɗaura rigar kariya don ya ci gasa ba zai ji kunyar sa ta ranar kasuwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dokokin ba su da wuya. A yi shi bayan kaka, sa'ad da ruwa ya kwanta, ba tsakiyar damina ba. A fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba, domin hukumar NIWA ma ta hana tafiyar dare a ruwa. Wanda bai iya iyo ba ba ya shiga. Kowa da rigarsa. A ajiye jirgin ceto da gwanayen nutso. In hadari ya taso daga gabas, a ɗage. Sarkin Ruwa ne alƙali, da sanin hakimi da yardar iyaye, kuma a wurin da jama'ar gari suka tabbatar akwai kwanciyar hankali.

To, ina aikin marubuci? Na farko, ceto kalmomi. Homa, taru, birgi, mamari, mashigi, kuɗin fito: matasa nawa ne za su bambance su yau? Kalmar da ba a rubuta ba tana bin mai ita kabari. Na biyu, labarin kansa. Muna yawan kukan rashin jigo, ga shi a bakin gaɓa. Wa da ƙane a jirage biyu masu hamayya. Ɗan Sarkin Ruwa da ke tsoron ruwa tun ranar da ya ga an tsamo abokinsa. Matuƙin da ya kusa cin gasa sai ya hango abokin karawarsa ya kife: ya wuce ko ya juya? Uwar da ke tsaye a tudu tana ƙirga kawuna, ba ruwanta da wanda ya zo na ɗaya.

Shawara ɗaya: kada a rubuta gulbi daga kan katifa. A je mashigi, a gaida dattawa, a ce "Baba, koya mini", a biya kuɗin fito a ƙetare da rigar kariya a jiki. A saurari yadda suke kiran kowane irin ruwa da kowace iska. Mai karatu ɗan bakin gulbi yana gane marubucin da ƙafarsa ba ta taɓa jiƙewa ba tun a layin farko.

Aikin wannan mako: gajeren labari, kalmomi 500, a kan tseren kwale-kwale tsakanin la'asar da magariba, da aƙalla kalmomin sana'a uku da ka ji daga bakin mai ita. 'Yan'uwanmu na Argungu da Yawuri, ku ne manya a wannan fage, muna jiran gyaranku.

Allah Ya tsare matafiya ruwa da tudu, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.