Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Lafiyar Talaka Da Alkawarin 'Yan Siyasa

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a ƙasar nan, da wuya a sami ɗan takarar da zai hau dandamali ya sauka bai yi wa jama'a alkawarin asibiti ba. Kuma ba ƙaramin asibiti yake nufi ba, a'a, katafaren gini mai hawa kan hawa, wanda za a cika shi da na'urorin zamani daga Jamus ko Amurka, yadda ko ciwon da ke cikin ɓargo za a hango shi. Jama'a su yi tafi, maroƙa su yi kirari, a watse. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, cikin shekarun da Nijeriya ta yi tana mulkin kanta, wace irin dabara ce ta fi ceton rayukan talakawa, kuma nawa aka kashe a kanta?

Dalilin da ya sa mai neman kujera yake son gini da na'ura ba ɓoyayye ba ne. Gini abu ne da ido yake gani daga bakin titi. Ana ba da kwangilarsa, ana kafa allo da sunan mai girma, ran buɗewa kuma a zo da masu ɗaukar hoto. Amma man injin ba da wuta, da albashin unguwarzoma, da kayan gyaran da za a nema bayan shekara biyu, da horon yaron da zai riƙa kula da na'urar, waɗannan babu mai yi musu biki, saboda haka babu mai tunawa da su cikin kasafin kuɗi. Sayen doki bai kai ciyar da shi wuya ba, wannan kuwa kowane mai gida ya sani.

Wannan ɗabi'a ta daɗe. Cikin Shirin Raya Ƙasa na Uku, watau na 1975 zuwa 1980, lokacin da kuɗin mai ya yi ambaliya, Gwamnatin Tarayya ta tsara kai aikin lafiya karkara. A takarda tsarin ya yi kyau: babbar cibiya guda, ƙarƙashinta cibiyoyi huɗu, da ƙananan ɗakunan shan magani ashirin, da na tafi-da-gidanka biyar. Sai dai ƙarfin aikin ya tafi ga tubali da odar kaya daga waje. Gine-gine da yawa ba a gama su ba, kayan aiki kuma suka iso babu ɗakin da za a sa su, babu wanda aka koya wa aiki da su. Ran 31 ga Disamba 1983, cikin sanarwar juyin mulkin da ya kawar da Jamhuriya ta Biyu, Birgediya Sani Abacha ya kafa hujja da cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kurum, babu magani, babu ruwa, babu kayan aiki. Soja suka hau, suka sauka, farar hula suka dawo a 1999, kukan bai sake ba. A watan Oktoba 2017 uwargidan Shugaban Ƙasa, Hajiya Aisha Buhari, ta faɗa a bainar jama'a cewa asibitin fadar shugaban ƙasa kansa ba shi da sirinji, na'urar ɗaukar hoton ƙashi kuma ba ta aiki, ga shi ana ta sabon gini. A ƙarshen 2024 kuwa Asibitin Koyarwa na Badun, wanda aka buɗe tun 1957, ya yi wata da watanni a yanke daga wutar lantarki saboda bashi. In haka ta sami asibitin fada da uban asibitocin koyarwa, mai karatu ya ƙiyasta halin da ɗakin shan maganin ƙauye yake ciki.

To, a ajiye wannan a gefe, a dubi labarin kurkunu. Yaran yau ba su san shi ba, amma iyayensu sun san shi sarai. Mutum ya sha ruwan tafki ko kududdufi, bayan kimanin shekara guda sai tsutsa mai tsawon kusan mita ta huda masa ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan har makonni. Sau da yawa takan fito daidai lokacin aikin gona, ta kwantar da magidanci da 'ya'yansa, gona ta zama saura, yara su bar makaranta. Da aka yi ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya a 1988 zuwa 1989, an sami fiye da mutum 650,000 masu ciwon, adadin da ya sa Nijeriya a sahun gaba cikin ƙasashen da cutar ta addaba. Ciwon nan ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar da ke kashe shi. Makaman da aka yaƙe shi da su su ne ƙyallen tace ruwa da ake ɗaurawa a bakin tulu, da maganin da ake zubawa a tafki, da rijiyar burtsatse, da ɗan sa-kai guda a kowane ƙauye wanda yake riƙe da littafi yana rubuta duk wanda tsutsa ta fito masa, yana kuma hana shi shiga ruwan da ake sha. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta taimaka, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana matsa wa gwamnoni su haƙa rijiyoyi. Mai ciwon na ƙarshe an same shi a Jihar Inugu a 2008, a watan Disamba 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da kurkunu. Babu wani ginin da aka buɗe da ganga a kan wannan nasara, amma miliyoyin ƙafafu sun tsira.

Haka kuma zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992. Likitan yara ne, ya kuwa san abin da ke kashe yara: gudawa, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro, da tarin shiƙa. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don su zama abin koyi, a 1988 aka fito da manufar lafiya ta ƙasa wadda ta ɗora komai a kan matakin farko. Rediyo ya koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari, aka horar da ma'aikatan lafiya na unguwa, aka kai sanyin ajiye allura har ƙauye. Zuwa 1990 an ba da rahoton cewa rigakafi ya kai ga kimanin kashi 80 daga cikin 100 na yara. Da aka sake hannu, binciken ƙasa na 2003 ya nuna kashi 13 kacal ne suka sami cikakken rigakafi. Allurar ba ta sake ba, firjin bai sake ba. Abin da ya sake shi ne kulawar masu mulki.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi tsada cikin aikin lafiya, watau amana. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan cikin wani gwaji da ya shafi yara 200. Yara goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai gudu. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, sai ta tarar da zukata a shirye. Wasu jihohin Arewa suka dakatar da aikin, Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin, a 2006 kuma fiye da yara 1,000 suka shanye a Nijeriya. Talaka yana da hujjar da ba a amsa masa ba: don me ake bin sa har gida da ɗigo kyauta, alhali in ɗansa yana zazzaɓi ya kai shi asibiti sai a miƙa masa takarda ya tafi kemis?

Abin da ya gyara lamarin shi ne komawa ga mutane. Sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka ɗauki aikin, aka bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa da limamai. Waɗanda cutar ta riga ta shanye suka shiga gari suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. Mata masu ɗigo suka yi ta bin gida gida, har tara daga cikinsu aka harbe a Kano a watan Fabrairu 2013, sauran ba su fasa ba. A nan ne fasahar zamani ta yi rana: taswirar tauraron ɗan'adam ta fito da rugage da ƙauyukan da ba su cikin taswirar hannu, wayoyin da aka ba ma'aikata kuma suka riƙa nuna inda aka taka da inda aka tsallake. Ƙwayar shan inna ta daji an gan ta na ƙarshe a Borno a 2016, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka bayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita, ko da yake aikin ɗigo bai ƙare ba, domin akwai wani nau'in da yake ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Ribar wannan horo ta fito fili a 2014. Ran 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Ikko ɗauke da cutar Ebola. Dokta Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata, ta kuma rasa ranta a kan haka. Jami'an da suka ƙware wajen yaƙin shan inna suka kafa cibiyar gaggawa, aka bi sawun kusan mutum 900 ana auna zafin jikinsu kowace rana ana aika sakamako ta waya. Mutum 20 suka kamu, takwas suka rasu, ran 20 ga Oktoba aka ce annoba ta ƙare. Ma'aunin zafi da wayar hannu ba su da tsada. Sun yi amfani ne domin akwai horarrun hannuwan da suka riƙe su, da shugabancin da ya tsaya a kansu dare da rana.

Wani zai ce, to, mai ciwon daji da mai ciwon ƙoda fa, ƙyallen tace ruwa zai warkar da su? Ko kaɗan. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 tana bukatar manyan asibitoci da na'urorin gashi da na wankin ƙoda, kuma abin kunya ne mara lafiya ya yi tafiyar kwana guda ya tarar na'ura ta lalace. Magana ita ce ta jeri da ta riƙo. Kada a sayi na'ura sai an san wutar da za ta ci, da injiniyan da zai gyara ta, da kuɗin kayanta na shekara goma. Kada kuma a ɗora bene alhali gindi yana rawa. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne, haka kuma kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro. Mace mai zubar jini cikin dare unguwarzoma take bukata, da allurar tsai da jini, da fitila, da motar da za ta kai ta gaba in abu ya faskara.

Alkawari kam an sha yin sa. A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka amince kowace ƙasa ta ware kashi 15 daga cikin 100 na kasafinta don lafiya. Mai masaukin baƙi ba ta taɓa cikawa ba, yawanci kasafin Tarayya bai wuce kashi huɗu zuwa shida ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya na kuɗin shigar Tarayya don matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Jidda, a 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana ɗari a jere a Landan. Ciwo ba abin gori ba ne, yana kan kowa. Sai dai muddin masu riƙe da asusu suna da wata ƙofar da za su bi in jiki ya motsa, zafin asibitin gida ba zai taɓa su ba. Likitoci da nas-nas ɗin da ƙasa ta horar da kuɗinta su ma sun ga ƙofar, suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada.

A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Wannan ya ba jama'a damar sanin wanda za su riƙe a kan ɗakin shan maganin unguwarsu. Saboda haka in ɗan takara ya zo da alkawarin bene, ya kamata dattawan gari su karɓe shi da mutunci, sa'an nan su kai shi cibiyar lafiyar mazaɓarsu ya gani da idonsa. A tambaye shi unguwarzoma nawa zai ɗauka, da ran da za a riƙa biyan su. A tambaye shi ko firjin allura zai sami wutar hasken rana, ko akwai rijiya a harabar, ko za a liƙa lissafin kuɗin da cibiyar ta karɓa a jikin bango don kowa ya karanta. A ƙarshe a tambaye shi inda iyalinsa suke zuwa in ba su da lafiya. A rubuta amsoshinsa, a ba mai unguwa da liman da shugabar mata kowa ya ajiye, in ya dawo bayan shekara huɗu a karanta masa kafin ya hau dandamali.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba shugabanni ikon cika alkawari.