Waiwaye: Faya-fayan Bishara a Shagon 'Yan Gwanjo

A shagunan kayan gwanjo na Amurka, can gefen tsofaffin riguna da kwanuka, akan tarar da kwali cike da faya-fayan garmaho waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Yawanci mai su ne ya rasu, magada suka share ɗaki suka kwaso. A cikin irin wannan kwali ne masu farautar tsofaffin waƙoƙi ke tsintar faya-fayan bishara na baƙaƙen fatar ƙasar, waɗanda aka naɗa daga shekarun 1940 zuwa na 1970, lokacin da wannan kiɗa ke ganiyarsa.

Manyan mawaƙan ba su ɓace ba. Thomas Dorsey, wanda ya raini salon a majami'un Chicago tun shekarun 1930, sunansa na cikin littattafai. Mahalia Jackson, wadda faifanta na 1947 a kamfanin Apollo ya yi kasuwar da ba a saba gani ba, har gobe ana jin muryarta. Kamfanoni irin su Savoy da Peacock da Nashboro sun bar jerin abin da suka buga. Waɗanda ke salwanta su ne ƙanana: ƙungiyar mawaƙan wata majami'ar unguwa da ta yi karo-karo, ta buga faifai 'yan ɗaruruwa, ta sayar a bakin ƙofa bayan sujada. Ba kamfanin da ya adana asalin naɗin. In kwafin ƙarshe ya fashe, muryoyin nan sun tafi ke nan.

Wannan ne ya dami Robert Darden, wanda a lokacin malami ne a Jami'ar Baylor da ke Texas. A 2005 ya yi rubutu a jaridar New York Times yana kokawa kan yadda waƙoƙin ke ɓacewa. Wani attajiri, Charles Royce, ya karanta, ya ba da kuɗi, jami'ar ta kafa shirin ceto su. Mutane na aiko da faya-fayansu, a wanke, a naɗe sautin cikin kwamfuta, a ɗauki hoton bango da tambari, sannan a mayar wa mai shi kayansa. Da aka riƙa juya bayan ƙananan faya-fayan, sai aka tarar da waƙoƙi da dama kan gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙe, an ajiye su a gefen da gidajen rediyo ba su cika sakawa ba. Ashe tarihin jama'a guda ne ke kwance a cikin abin da ake sayarwa da arha. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya sa labarin ke taɓa mini rai shi ne, mu ma muna kan wannan gaɓa. Shata da Ɗanmaraya Jos sun sami masu tattara musu. Amma ina kasusuwan Zumuntar Mata da aka riƙa naɗa a majami'un Jos da Kaduna? Ina na mawaƙan bege da na makaɗan ƙauye da ba su taɓa shiga gidan rediyo ba? Kaset ya fi faifai saurin lalacewa, zafi da damshi na cinye zarensa, rikodar da za ta juya shi kuma tana ƙara wuyar samu.

Darasin a fili yake: abin da sananne ya bari, duniya za ta kula da shi, amma na ƙaramin mawaƙi amana ce a hannun wanda ya gada. Kafin ka zubar da akwatin kasusuwan mahaifiyarka, ka saurara. Ka tambayi dattawa su wa ke waƙar, a wane gari, a wace shekara, ka rubuta. Ka nemi mai kwamfuta ya kwafe maka, ka rarraba wa dangi da ɗakin karatu mafi kusa. Aikin nan na yanzu ne, tun masu gane muryoyin suna da rai.