A Tara Tsofaffin Taurari, To Wa Zai Rubuta Musu?

Tun rasuwar Alhaji Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, cikin watan Nuwamba na 2023, ake ta yawo da wata shawara a tarukanmu, wai a tattaro tsofaffin 'yan wasan kwaikwayon talabijin da suka rage a yi musu shiri na musamman da Sallah, a tuna baya. Ita shawarar ba ta da aibu. Amma da ka tambayi masu ita yadda shirin zai kasance, sai su ce ai ba wuya: a jera kujeru, a zaunar da dattawan, mai gabatarwa ya sa kowa ya maimaita kalmar da aka san shi da ita, a tafa, a miƙa musu allon yabo, a watse. Har suka gama bayani ba wanda ya ambaci marubuci, kuma a gaban marubuta ake wannan magana! To ni dai ban yarda ba, domin wannan baje kolin tsufa ne.

Jama'a, mu tambayi kanmu, me ya sa Samanja ya ba mutane dariya? Gashin baki ne ko kakin soja? Ko kusa. An gama yaƙin basasa a 1970, sojoji suka cika ƙasa, kusan kowane gari yana da nasa ɗan da ya dawo da tsawa a baki da Hausar bariki gauraye da Turancin buroka. Mu da muka tashi a ƙasar Gumel, tun muna cikin Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991, mun san yadda ake cincirindo a ƙofar gidan mai akwatin talabijin, daga Ɗanzomo har Gagarawa, kuma duk wanda ya ƙyalƙyale da dariya akwai wani kawunsa ko maƙwabcinsa da ya gani a jikin Samanja. Dariyar ta zamaninta ce. In ka ɗauko ta bayan shekara arba'in ka ɗumama, ba abin da za ka samu sai tuwon jiya ba miya.

Saboda haka abu na farko da irin wannan shiri yake bukata shi ne shekarun da suka wuce a waje su wuce a cikin labarin ma. Da an yi wa Samanja wannan gata yana raye, da mun gan shi ya yi ritaya, yana bin layin tantance 'yan fansho da takardu cikin leda, yana daka wa wani yaron ofis tsawa, yaron ko ɗago kai bai yi ba don yana latsa waya. A nan dariya take, a nan kuma ƙwalla take. Wa zai haƙo wannan in ba marubuci ba?

Na san za a ce ai Turawa ma zama kawai suke yi a yi hira. Gaskiya ne, a 2021 'yan wasan Friends na Amurka su shida sun taru bayan shekara 17 da rufe shirin, ba su yi sabon labari ba. Amma su suna da shirin shekara goma cif a ajiye, tas da shi, duk inda hira ta yi sanyi sai a sako tsohon hoto. Mu fa? Abin da yawancinmu ke iya gani na Samanja ko Karambana ko Kuliya guntaye ne a YouTube, hoto dishi-dishi, murya na shaƙewa. Mai kwaikwayon attajiri ba da jarinsa ba, kunya yake sayowa. Kuma ko a can ɗin, wanda ya fi taɓa zuciya shi ne na The Fresh Prince of Bel-Air a 2020, inda Will Smith ya zauna da Janet Hubert, wadda ta bar shirin tun 1993 cikin rashin jituwa, suka faɗa wa juna gaskiya a gaban kyamara. Akwai abin da bai ƙare ba, aka zo aka ƙarasa shi. Taron da ba shi da irin wannan ƙulli da za a warware, walima ce kawai.

Sai maganar mamata, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Rabilu Musa Ibro a 2014, ga Samanja ya bi su. Allah Ya jiƙansu. Har na ji wani yana cewa a samo yaro mai kama da Samanja a liƙa masa gashin baki. Haba Malam! Idan mutum ya rasu, a bar gurbinsa a cikin labarin, sauran su yi maganarsa yadda ake maganar mamaci a zaure, wani ya tuna bashin da yake binsa, wani ya tuna marin da ya sha. Masu kallo ba yara ba ne, sun halarci jana'iza.

Kuma a biya dattawan nan kuɗin aiki, da yarjejeniya a rubuce, a daina miƙa musu ambulan a gaban kyamara kamar masu bara. A biya marubucin ma.

Ga abin da nake nema daga shugabannin ƙungiya. Kafin a je wa ARTV ko NTA ko gidan talabijin na Jigawa da kowace magana, a fara rubuta sunayen waɗanda ke raye da rawar da kowa ya taka, a aika mutum biyu su zauna da su da rikoda. Sannan a buɗe wa membobi fili, kowa ya kawo wasan minti talatin, a buga uku mafiya kyau a fitowa ta gaba, a kai wa dattawan su zaɓa da kansu.